Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman tarihi na jihar Maraɗi: ku ba yaranmu labarin masu shuɗin kaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƴan'uwana kuma ƙannena malaman tarihi na kwaleji da lise, daga Tasawa zuwa Dakwaro, daga Madarunfa zuwa Mayahi, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ƙurar alli. Ni ma na shaƙe ta shekara 34 kafin in ajiye. Wasunku sun zauna a gabana suna yara, wasunku ban taɓa sa su a ido ba, amma duk wanda ya tsaya gaban yara tamanin a aji ɗaya cikin zafin Afrilu, ɗan'uwana ne.

Makon jiya jikata, wadda nake tsokana da amarya, ta kawo kayenta na tarihi in yi mata bita, don BEPC ta matso. Darasin yaƙin Aljeriya ne, layi goma sha biyu. An fara ranar 1 ga Nuwamba 1954, FLN, ƙungiyar neman ƴancin Aljeriya daga Faransa, ce ta ja ragama, De Gaulle ya dawo mulki a 1958, an sa hannu a Evian ranar 18 ga Maris 1962, an yi bikin ƴanci ranar 5 ga Yuli. Babu kuskure ko ɗaya, kuma ta haddace kamar Fatiha. Sai na ce mata, to amarya, su mayaƙan nan da ke cikin duwatsu, wa ke kai musu abinci? Wa ke gaya musu soja sun taso daga bariki, mota nawa, ta wace hanya? Ta dube ni ta ce, “Kai tsoho, wannan ba ya fitowa a jarrabawa.” Ban ga laifinta ba, ban ga laifin mushenta ba. Haka ni ma na yi ta koyar da shi shekara da shekaru, don haka faɗan da ke cikin wasiƙar nan a kaina ya fara sauka.

Da abin ya tsaya nan, da na yi shiru. Amma cikin satin ina wucewa ta gaban wata fadar samari bayan isha'i, na ji ana sauraron wata murya a WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, amma ya faɗi sunan wani mai sayar da mai a wani ƙauyen kan iyaka, ya ce shi ne infoman ƴan bindiga. Kafin shayi na biyu ya tafasa samarin sun gama shari'a, sun yanke hukunci, saura mai zartarwa. Na tsaya na tambaye su, wa ya san mai muryar? Babu. Wa ya san wanda ake zargin? Babu. Suka ce, “Ai Baba, tunda ka ji ana faɗa...” Na wuce gida ina tuna wani kyaftin na Faransa mai suna Paul-Alain Léger, wanda da irin wannan “ai ana faɗa” ya yi wa mayaƙan Aljeriya ɓarnar da jirage ba su yi ba. Labarinsa nake roƙo ku saka cikin darasi.

Kada wani ya ce yaƙin wasu ne. Iyakarmu da Aljeriya ta haura kilomita 900. Ƴan ƙasar nan sun je can cikin kakin Faransa. Seyni Kountché kansa ya yi Indosin, ya yi Aljeriya, kafin ya dawo gida. Waɗanda suka tashi a Maraɗi a zamanina sun san tsofaffin sojan da ke ambaton Wahran da Kusantina kamar suna ambaton Jibiya.

A tsakiyar yaƙin Faransa ta jibge soja fiye da 400,000, ga jirage, ga igwa, ga shingen waya mai wutar lantarki a iyakar Tunisiya tun 1957. Mayaƙan ALN, wato rundunar FLN, ba su ko kama ƙafar wannan adadi ba. Abin da ya riƙe su shi ne mutanen da ba su taɓa sa kaki ba. Akwai waɗanda ake kira musabbilin, manoma da makiyaya da rana, masu hidimar yaƙi da dare: su ja gora, su ɗauki kaya, su yanke wayar tarho, su ɓoye mai rauni. Akwai shuf, mai dubawa ke nan da Larabcinsu, sau da yawa yaro ne mai kiwon awaki a kan tsauni, aikinsa ya hango ƙurar motoci ya ba da alama. Akwai matan da ke gasa gurasar mutum talatin a gidan mutum biyar. Akwai mai shara a bariki, da kuku a gidan kwamanda, da akawu a ofishi, waɗanda Nasara ke sakin baki a gabansu kamar yana gaban kujera. Har a cikin Faransa, leburorin Aljeriya na biyan kuɗin wata-wata, wasu Faransawa ƙarƙashin wani masanin falsafa, Francis Jeanson, suna ƙetarar da kuɗin a akwatuna, har aka gurfanar da su gaban kotun soja a Satumba 1960. Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma akan hana a ci shi. Faransa ta gane haka, shi ya sa ta kwashe mutanen karkara kusan miliyan 2 ta tsugunar da su a sansanoni ƙarƙashin idon soja.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Kasba, tsohuwar unguwar Musulmi ta birnin Alje. Lunguna ne masu hawa da gangara, gidaje manne da juna, mace na iya ƙetare unguwa ta saman soraye ba ta taka ƙasa ba. Jagoran FLN na wurin, Yacef Saadi, ɗan mai gasa burodi ne. Tsarin da suka yi, ku zana wa yara a allo, minti biyar ya isa: kowane mutum uku kacal ya sani, wanda ya ɗauke shi da biyun da shi ya ɗauka. In an kama shi, abin da ake nema a gare shi ya daure azaba kwana ɗaya ko biyu, kafin nan waɗanda ya sani sun sauya maɓoya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma su sun san cikin ma yana da iyaka, don haka ba sa zuba masa abin da ya fi ƙarfinsa. Saƙo kuwa a ajiye shi a shagon tela ko wurin mai burodi, wani ya zo ya ɗauka, mai ajiyewa da mai ɗauka ko a hanya suka haɗu ba su san juna ba. Mata ne suka ɗauki nauyin wannan zirga-zirga. Wata ta lulluɓe da haik, farin mayafinsu mai rufe jiki duka, takardu ko ƙaramar bindiga a ƙarƙashi. Da soja suka fara laluben masu mayafi, sai wasu suka cire, suka yi gyaran gashi da shiga irin ta ƴan matan Turawa, suka riƙa wuce shinge sojan na yi musu murmushi. Djamila Bouhired, mai kai saƙon Yacef, an kama ta a Afrilu 1957 da harbi a jiki da takardu a hannu, aka azabtar da ita, aka yanke mata hukuncin kisa. Ba a zartar ba, ta fito a 1962.

Kada ku yi wa labarin kwaskwarima. Hanyar da takarda ta bi, ita bam ya bi. Ranar 30 ga Satumba 1956 Zohra Drif ta ajiye bam a wani wurin shan kayan sanyi mai suna Milk Bar, ya kashe mutane, ya guntule yara. Makonni kafin nan, cikin Agusta, wasu Turawa ƴan ina-da-kisa sun tayar da nasu bam ɗin a wani lungun Kasba, gidaje suka rufta kan mutane suna barci. Ku faɗi duka biyun. Yaron da ya saba da rabin labari a aji, shi ne gobe zai karɓi rabin labari a waya ya ɗauki gora.

A Janairu 1957 aka miƙa wa Janar Massu da sojan laimarsa ikon ƴan sanda a Alje. Wani hafsa, Roger Trinquier, ya sa aka bi gida-gida aka shafa wa kowanne lamba da fenti, aka rubuta sunan duk mai kwana a ciki, aka naɗa mutum ɗaya a kowane gida da zai amsa tambaya, a samansa mai lungu, a saman wannan mai unguwa. Baƙo ya kwana ba a kai rahoto ba, mai gida ya shiga uku. Ka ga an mai da unguwa guda ƴan rahoto ko suna so ko ba sa so. Sai kuma wanda mutanen Aljeriya ke kira bushkara, mai buhu: mutum ne aka kifa wa buhu a ka, aka huda wurin ido, a jera mazan unguwa su wuce ta gabansa, wanda ya gyaɗa wa kai an tafi da shi. Wa ke cikin buhun? Wataƙila maci amana ne, wataƙila wanda aka kwana ana jona wa lantarki ne, wataƙila wanda kake bi bashi ne. Paul Teitgen, babban sakataren ƴan sandan birnin, wanda shi kansa ya sha azabar Gestapo, ƴan sandan asirin Hitler, ya ajiye aiki a 1957, ya kuma lissafa mutum 3,024 da aka kama ba a sake ganinsu ba. Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga cikin manyan shugabannin FLN, cewa aka yi ya rataye kansa a tsare. Sai ranar 1 ga Nuwamba 2024 Faransa ta amsa cewa sojanta ne suka kashe shi, bayan shekara 67.

Duk da haka, a wannan tarihi Léger ya fi azabar ba ni tsoro. An haife shi a Maroko, yana jin Larabci, ya yi Indosin. Ya lura cewa wanda aka kama ya fi amfani yana yawo a titi da a ce yana kabari. Sai ya zaɓi wasu samarin FLN da ke hannu ya juya su, wani da tsoro, wani da kuɗi, wani da alkawarin ba za a taɓa iyalinsa ba, ya sa musu shuɗin kayan leburori, ya sake su cikin Kasba. Har ɗaya daga cikin manyan mataimakan Yacef an kama shi a asirce cikin Agusta, aka juya shi, ya ci gaba da aika wa maigidansa wasiƙu kamar ba abin da ya faru. Sawun wasiƙun aka bi. Ranar 24 ga Satumba 1957 aka kama Yacef da Zohra Drif. Ranar 8 ga Oktoba soja suka tayar da gidan da Ali La Pointe, na hannun daman Yacef, ya ɓuya da nakiya. Tare da shi akwai Hassiba Ben Bouali, ƴar shekara 19, da Mahmoud Bouhamidi, da ɗan aikensu Umar Ƙarami, yaron da bai wuce 13 ba, sa'an ƴan ajin farko na kwaleji. Maƙwabta da dama sun mutu a rushewar.

Da Kasba ta faɗi, Léger bai yi shela ba. Ya bar mutanen duwatsun Kabiliya, wato Wilaya ta 3 cikin yankunan yaƙi na FLN, ƙarƙashin Kanar Amirouche, suna zaton ƙungiyarsu ta birni na nan da ranta. Yana rubuta musu wasiƙa da sunan FLN, suna amsawa, har makamai suka aiko masa. Daga nan ya wuce ga abin da ya fi wannan muni. An kama wata yarinya ƴar shekara 18 da ake kira Roza. Ya yi kamar ya yarda ta koma ɓangarensa, ya bar wasu takardu inda idonta zai kai, takardun jabu masu nuna wane da wane cikin hafsoshin daji ƴan rahoton Faransa ne. Sannan ya sassauta mata tsaro. Ita kuwa baiwar Allah ta ruga daji da saurinta don ta ceci ƴan'uwanta. Can aka ce, ya aka yi suka bar ki kika fito? Aka ɗaure ta, aka gana mata azaba, ta faɗi sunayen da ta gani, ta ƙara da waɗanda ba ta gani ba don a bar ta ta huta, aka kashe ta. Waɗanda ta ambata aka kamo su, su ma da wuya ta yi wuya suka ambaci wasu. Kowane suna ya haifi sunaye.

Su wa abin ya fi ci? Masu ilimi. Ɗaliban lise da jami'a da suka bar karatu a yajin 19 ga Mayu 1956 suka shiga daji, da likitoci, da masu jinya, da sakatarori, duk wanda ya iya Faransanci ko ya fito daga birni. Dama akwai ƴar tsama tsakanin ɗan ƙauyen da ya fara yaƙin da ɗan lakwal ɗin da ya zo daga baya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Léger tsagar ya tarar, shi dai ya iya shiga. A Agusta 1958 Amirouche ya rubuta wa shugabannin sauran wilayoyi cewa ya gano gagarumin makirci, su ma su tace nasu mutanen, cutar ta haura Wilaya ta 4. Masana na saɓani kan yawan waɗanda aka kashe, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, amma mafi yawansu ba su ci amanar kowa ba. Faransawa suka raɗa wa abin bleuite, ciwon shuɗi, saboda kayan nan na leburori. Amirouche jarumi ne, ba wanda ya isa ya ƙwace masa wannan, ya mutu da bindiga a hannu a Maris 1959. Jarumtar ba ta hana a yi masa wasa da hankali da takarda da hatimi ba. Wuƙar ta FLN ce, igiyar tasu ce, kabarin ma su suka haƙa. Léger tawada kawai ya saya.

Mu ma muna da namu, a nan ƙofar gida. Wanda ya san ƙasar Tasawa ya san Maijirgi, inda kaburburan hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suke. A Yuli 1899, bayan sojan Voulet sun kashe Kanar Klobb a Dankori, an rubuta cewa wani ya raɗa wa Voulet sojansa na shirin bore. Mai raɗar aka fara harbewa a gaban jama'a, kafin sojan su gama da Turawan biyu. Ladan ɗan rahoto ke nan. A Damagaram, a 1906, labarin makirci da aka kai bariki shi ya sa aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa aka kai shi Kwaddibuwa, aka ɗora Ballama riƙon ƙasa. A Agadas kuwa Sarki Tagama yana yi wa kwamanda fara'a yana ƙulla magana da Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, har aka wayi gari a Disamba 1916 an kewaye barikin. Kwamanda ɗaya da gardi kaɗan ba su isa riƙe ƙasa kamar Maraɗi ba, sai da tafinta, da masinja, da kunnuwa a kasuwa.

Sai 1958. Djibo Bakary da Sawaba, jam'iyyar raƙumi, suka ce a kaɗa a'a a ƙuri'ar raba gardama kan ci gaba da zama da Faransa, ranar 28 ga Satumba. Faransa na tsakiyar yaƙi a Aljeriya, ba za ta yarda a buɗe wa FLN ƙofar kudu ba. Aka aiko sabon gwamna, Colombani, aka juya sarakuna, i ta ci da kusan kashi 78 cikin ɗari. A 1959 aka haramta Sawaba, ta koma aikin ɓoye. Mutanenta su ne direbobi, da yaran mota, da teloli, da ƴan koli, da ƴan tasha, masu kai da komo tsakanin nan da Katsina da Kano, inda ƴan NEPU ke ba su masauki. Wasu samarinsu sun samu horon soja a Sin, da Gana, da Aljeriyar da ta samu ƴanci. A Oktoba 1964 suka shigo da makamai ta iyakoki, suka tarar an san da zuwansu. Aka bi su ɗaya-ɗaya, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Bayan gurnetin da aka jefa wa Diori a filin idin babbar salla a Afrilu 1965, kamen ya ƙara tsanani. A lokacin kalma ɗaya a kunnen ɗan jam'iyyar giwa, wato jam'iyyar Diori mai mulki, ta isa ta kai mutum gidan kaso.

Ina da shekara 10 a 1964. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban kamyo ne, yana kai gyaɗa Kano inda ake loda ta a jirgin ƙasa. Wata asuba aka zo aka tafi da shi daga shi sai gajeren wando. Shekara huɗu ba mu gan shi ba, ya dawo babu haƙoran gaba, kunnensa na hagu ya mutu. A gidanmu magana biyu aka tsayar kamar karatu: kawu ba ruwansa da siyasa, sharri aka yi masa, kuma telan da ke bakin lungunmu shi ya kai shi. Hujja? An ga telan yana magana da wani gardi kwana biyu kafin kamen. Shi ke nan. Ba a doke shi ba, ba a zage shi a fuska ba, amma da an doke shi da ya fi masa sauƙi. Aka daina kai masa ɗinki. In ya shigo masallaci sahu ya ɗan buɗe a gefensa. Mu yara in mun zo wucewa ta shagonsa sai mu toshe baki da hannu, manya na gani suna murmushi. Ƴarsa ta fari sai a wani gari ta samu miji. Ranar da ya rasu waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu biyu ba, kuma ni, saurayi mai tinƙaho da karatun tarihi, ina zaune a ƙofar gida ban tashi ba.

A ciwon ajalinsa, cikin 1993, kawu ya kira ni da dare ya ce in turo ƙofa. Ya ce, “Ɗan nan, kai ne mai rubuce-rubuce, to ji. Takardun nan na ɗauke su. Cikin tayar ajiya nake cusa su, tafiya ta fi ashirin.” Na ce to kawu, ashe telan bai yi ƙarya ba. Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi, sannan ya ce, “Tela bai san komai ba. Wandon gardin nan ya yi wa faci, kuɗinsa yake bi. Wanda ya kai ni na san shi, mun ci tuwo kwano ɗaya, kai ma ka ci da shi.” Na roƙe shi suna, ya ƙi. Na ce me ya hana ka wanke tela tun yana da rai? Ya ce in ya ce ba tela ba ne, za a ce to wane ne, gida kuwa zai watse. Ya juya fuska bango. Fiye da shekara 30 ke nan ina juya mutumin nan a raina. Ya riƙe asirin abokansa ana zubar masa da haƙora, ya kuma bar bawan Allah ya mutu da tabon da ba nasa ba. Magana biyun da muka haddace a gidanmu, duka biyun ƙarya ne.

To ga roƙona. Na san manhaja a cike take, na san sufeto na ƙirga darussa, na san yadda makonni ke zubewa a shekarar karatu. Awa biyu nake nema, a ajin BEPC da ajin bak. Awa ta farko ku ba Kasba da masu kai saƙo. Ta biyu ku ba Roza. Ku tsaya daidai inda ta iso daji da sunaye a bakinta, ku ajiye alli, ku ce wa yara: ku ne Amirouche, soja sun kewaye ku, an sha kama muku mutane ba ku gane ta ina ba, ga yarinya ta zo da labari, me za ku yi? Ku bar su su yi gardama. Sau ɗaya na gwada, a shekarata ta ƙarshe, abin da nake nadamar ban fara tun da wuri ba. Rabin aji suka ce a kashe duk wanda ta ambata, wai rigakafi ya fi magani. Da na ba su ƙarshen labarin, ajin ya yi tsit irin wanda bulala ba ta taɓa sama mini ba. Can wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, ai da sun tambayi wa ya bar takardun a kan tebur.” Na ba ta maki 20 a take, ba a kan wata jarrabawa ba.

Yaranmu sun riga sun san ayar. Sun karanta Suratul Hujurati a Islamiyya, inda aka ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, inda kuma aka hana yawan zato da bin diddigin asirin juna. Sun ji tsofaffi na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Abin da suka rasa shi ne misali mai suna da shekara da wuri, kuma wannan a hannunku yake.

Kada a juya mini magana. Infoma na nan. Mutanen Gidan Rumji da Gabi ba tatsuniya suke yi ba in sun ce ɓarayin daji sun zo kai tsaye ɗakin wanda ya sayar da sa ranar kasuwa. Wani ne ya nuna. Mai shaida ya kai wa jandarma, alƙali ya duba. Amma ku sa yara su lura da inda yatsa ke saurin nunawa: Bafulatanin ruga, ɗan gudun hijirar da ya ƙetaro daga Zamfara ko Sakkwato tun 2019, ɗan kabu-kabun da ke yawan bin hanyar daji, yaron da ya yi sabon babur. Tsagar bangonmu ke nan. Ɗan bindiga ma yana da waya, ya kuma iya aika murya. In yana son ya kawar da mutumin da ya hana shi sakat a ƙauye, me ya fi masa araha, harsashi ko minti ɗaya na WhatsApp?

Saura abu ɗaya. Waɗanda suka ga 1958 da 1964 da idon manya sun haura 80, kowace shekara muna binne wasu. A hutun nan ku tura ɗalibai wurin kakanninsu, musamman mata, don su ne suka ɓoye, su ne suka yi ta kai abinci gidan kaso, su ne kuma ba a taɓa tambaya. A ɗauki murya da waya, a rubuta da Hausa yadda aka faɗa. Sharaɗi ɗaya: in tsohuwa ta ce wane ne ya kai wane, a rubuta “wani mutum”. Jikokinsa wataƙila suna benci ɗaya da mai rubutun, kuma ni na ga abin da tabbacin tsofaffi ya yi wa tela.

Jikan telan yana da shagon gyaran babur ba nisa da tasha. Shekaranjiya na je na gaya masa abin da kawu ya faɗa mini. Ya saurare ni a tsaye, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, “Baba, Allah ya jiƙansu duka.” Ya jawo mini benci, ya aika yaro ya sayo mini ruwan sanyi, ya koma kan babur ɗin da yake kwancewa.

Kayen da na rubuta darasin Roza a ciki yana nan, ya yi ja amma yana karantuwa. Mai so ya zo ya kwafa, bayan la'asar ina ƙofar gida.

Wassalam.

Naku,
tsohon malamin tarihi mai ritaya,
Bagalam, Maraɗi.